Ƙarfen da Na Ɓoye a Gefen Idona

Ku da kuke karanta ni a waya, na gaishe ku, kuma ku yi haƙuri da kurakuran rubutu. Da yatsa ɗaya nake latsa wannan, ni da na yi shekaru ina buga tafireta da yatsu goma ba tare da na kalli hannuna ba.

Sunana Baiwa. Shekaruna sittin da takwas. A Agege ta Legas aka haife ni, a nan na yi aure, a nan mijina Alhaji Ƙasimu ya rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya'yana huɗu, uku sun yi nisa, sai autata Hansai da ke aure a Ikeja, takan leƙo ni ranar Asabar. Sauran kwanakin daga ni sai fanka da rediyo. Gidan da a da sai an yi layin banɗaki, yau in cokali ya faɗi a kicin ina jin ƙararsa daga uwarɗaki.

Wata biyu da suka wuce ina zuba shayi kofi ya suɓuce mini. Hannuna na hagu ya mutu, harshena ya yi nauyi, bayan kamar minti goma abin ya sake ni. Na share ƙasa, ban gaya wa kowa ba. Wa ma zan gaya wa? Ya sake yi, na sake yin shiru. A karo na uku a gaban Hansai ya yi, ina cikin yi mata magana bakina ya karkace. Ko mayafi ba ta bari na zaɓa ba, ta sa ni a mota.

Likitan ya ce, "Mama, hoton ƙwaƙwalwa za mu yi, wanda ake kira MRI. Shi zai nuna mana ko jijiyar jini ce ke toshewa, ko kuwa ƙari ne ke danne wani wuri."

Hansai ta rubuta a zauren iyali na waya. Nan da nan saƙonni suka shigo. "Allah ya ba Umma lafiya." "A sanar da mu yadda ake ciki." "Wallahi aiki ya riƙe ni, da na zo." Na karanta su sau biyu, na kife wayar.

Ranar hoton na sa leshina ruwan toka, na ɗaura ɗankwali, na yafa farin gyale, kamar mai zuwa suna. Ashe duk cire su za a yi. Ma'aikaciyar wata Bayarabiya ce mai sanyin murya. Ta sa na cire awarwaro, da 'yan kunne, da zoben azurfa, har fil ɗin ɗankwali. Ta leƙa haƙorina na Makka ta ce wannan ba damuwa. Sai ta zaunar da mu ta ɗauko fom.

"Mama, an taɓa sa miki batir a zuciya?"

Hansai ta ce, "A'a."

"Ƙarfe a ƙashi, ko na'urar ji a kunne?"

"Babu. Umma ba a taɓa yi mata tiyata ba."

"Ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonki? Ko da an daɗe, ko da tun ƙuruciya?"

Hansai ta yi dariya. "Umma dai akawu ce, ba maƙeriya ba. Babu."

Matar ba ta yi dariya ba. Ni ta kalla. Ta ce, "Dalilin da ya sa muke tambaya, mayen ƙarfen da ke cikin ɗakin can yana da ƙarfin gaske, kuma ba ya hutawa, ko ana hoto ko ba a yi. In akwai ɗan ƙarfe kusa da ido zai iya motsa shi. Mutum na iya rasa idon."

Na karɓi biro na sa hannu. Shekara hamsin ina wannan ƙaryar, ai na ƙware.

Bari in mayar da ku baya, don ku san abin da na sa wa hannu.

A shekarar 1975 ne, lokacin da jiragen siminti suka cika ruwan Apapa, kowa a Legas gini yake yi. Ina da shekara goma sha takwas. Mahaifina Alhaji Mato mahauci ne, kuma yana fataucin shanu. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Gwaggo, yayar Baba, ita ta raine ni. Baba ya yi abin da ba a saba gani ba a unguwarmu: ya bar ni na yi makaranta har na koyi buga tafireta, na samu aiki a wani kamfani a Ilupeju. Ƙannensa, musamman Baffa Shitu, sun yi ta yi masa surutu, wai 'ya mace a cikin bas ɗin haya na molue tana gogayya da maza, wata rana sai ta jawo masa abin kunya. Baba ya tsaya kai da fata. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini.

"Daga gida sai aiki, daga aiki sai gida. Kada ki ba su bakin magana a kaina, Baiwa."

Na yi masa alkawari, kuma na riƙe shi wata bakwai, har ranar da aka zo sa mana ƙofar ƙarfe.

Mai waldar sunansa Amadou, mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar. Fari ne ya cinye musu dabbobi ya gangaro kudu, ya koyi walda, ya kafa rumfar kwano a Ogba. Dogo ne, baƙi, hannayensa duk tabon tartsatsi. Da na kai masa ruwa ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Madamazel." Ban san ma'anarta ba a lokacin, ashe budurwa ake nufi, na yi dariya har na kusa zubar da sauran ruwan.

Ranar Asabar rabin yini muke yi a wurin aiki. Sai na fara sauka a Ogba in yi rabin awa, in na koma gida in ce cunkoso ne a hanya. Ku yarda da ni, babu abin Allah wadai a tsakaninmu. Benci ne a bakin titi, kowa na gani. Yakan dafa shayi a kan gawayi, ya yi ta kwarara shi daga sama har ya yi kumfa, yana ba ni labarin raƙumansu. Ni kuma in gaya masa burina, in sayi tafireta tawa in kafa tebur kusa da kotu ina buga wa mutane wasiƙu. Shi kaɗai ne bai yi wa wannan buri dariya ba. Ya ce bayan Babbar Sallah zai turo manya wurin Baba, kafin nan kuma zai ƙera mini teburin.

Teburin yake yi a ranar. Na zo da atamfata shuɗiya da takalmi mai tsini, na same shi yana goge ƙafar teburin da injin wasa ƙarfe, tartsatsi na tashi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ja da baya, Madamazel!"

Ban ja ba. Na matso ne in gaya masa tsayin ya yi yawa. Sai na ji kamar zanzaro ya harbe ni a gefen idon dama. Na dafe wurin, hawaye da jini suka biyo yatsuna.

Ya kashe injin. "Mu tahi likita yanzu." Mutanensu likita suke ce wa asibiti.

"Ba zan je ba."

"Ƙarfe ne, Baiwa. Ba abin wasa ba ne."

"Za a yanki kati, a tambayi inda abin ya faru. Kafin magariba labari ya kai Agege."

Ya roƙe ni har ya durƙusa. Na rufe idon da gyale na tari mota. A gida na ce wata tifa ce ta watso mini yashi a Oshodi. Gwaggo ta yi ta gasa mini da tsumma da ruwan ɗumi. Idon ya kumbura ya rufe, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku.

Rana ta huɗu bayan la'asar, Baba na zaune a baranda da ƙannensa, na ji sallamar da na sani. Na lallaɓo bayan labule. Amadou ne, cikin farar riga da aka goge, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofar da shi ya ƙera. Ya durƙusa ya gaida su, sannan ya faɗi komai.

"Alhaji, ba yashi ba ne a idon ɗiyarka, ƙarfe ne. A rumfata abin ya faru, laifina ne. Kwana huɗu ban ga ta fito aiki ba, na san abin ya yi tsanani. Ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama, amma a kai ta likita kafin idon ya lalace."

Baffa Shitu ya tafa hannu. "To, Yaya, ka ji da kunnenka. Abin da muke gaya maka ke nan."

Baba ya juya wajen labule. Ya kira ni. Na fito da tsumma a ido, na durƙusa nesa kaɗan.

"Baiwa, kin san wannan?"

"Shi ya sa mana ƙofa, Baba."

"Kin taɓa zuwa rumfarsa?"

Da ido ɗaya na kalli fuskar Baba, mutumin da ya yi faɗa da danginsa saboda ni. Na kalli baffannina, sun zuba ido suna jiran ya sha kunya. Amadou kuwa ban kalle shi ba.

"Ban taɓa ba, Baba. Ban ma san inda take ba."

Baffa Shitu ya zabura ya ci kwalarsa, yana cewa baƙo ya zo har gida zai ɓata wa 'yar mutane suna. Maƙwabta suka fara leƙowa. Amadou bai ƙwace ba. Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi. Sai ya ce,

"Ku gafarce ni. Gaskiyarta, ba ta taɓa zuwa ba, ni ne na ƙaga. Amma don Allah a duba mata idon."

Ya sa takalminsa ya fita, yara na yi masa ihu.

Washegari da yamma Baba ya ce in shirya mu je asibiti. Na rantse masa na ji sauƙi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ƙyale ni. Allah da ikonsa, cikin mako guda kumburin ya saɓe, idon ya buɗe, ina gani garau. Sai ɗan wani ƙullutu kamar ƙwayar gero da ya rage a can gefe, in na danna da yatsa nakan ji shi.

Bayan mako biyu na sauka a Ogba. Wani na tarar a rumfar. Ya ce Amadou ya bar masa kayan aiki ya bi tankar mai ya yi Arewa. Ya nuna mini teburin a jingine, an gama shi, an shafa masa koren fenti. Ya ce an ce in Madamazel ta zo a ba ta. Ina zan kai shi? Me zan ce a gida? Na shafa shi na bar shi a nan.

Shekara uku bayan haka na auri Ƙasimu, ɗan wani dillalin fatu, da yardata, ba wanda ya tilasta ni. Mutumin kirki ne, shekara arba'in da ɗaya bai taɓa ɗaga mini murya ba. In damina ta yi sanyi wurin yakan yi mini tsami, ya ce, "Ciwon kan nan naki ne?" In ce e.

To, ga ni cikin rigar asibiti, ba ɗankwali, ba awarwaro, ma'aikaciyar ta buɗe ƙofa mai kauri tana cewa in shigo. A ƙasa akwai jan layi. Daga ciki ina hango na'urar, fara, da rami a tsakiya. Hansai na bayana riƙe da jakata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙafata ɗaya ta tsallake layin. Na gwammace in rasa idon da 'yata ta ji cewa uwarta, wadda ta yi musu tarbiyya a kan gaskiya, ta taɓa tozarta mai gaskiya a bainar jama'a. Sai wani tunani ya tsayar da ni. Mutumin nan ya rasa mutuncinsa da rumfarsa da garin da ya samu abinci, duk saboda wannan idon. Ni kuma yau zan miƙa shi da hannuna don in ci gaba da rufe bakina.

Na janye ƙafata.

"Akwai ƙarfe."

Hansai ta ce, "Umma, wane ƙarfe kuma?"

Ban juya ba. Na nuna wa matar wurin. Ta ja ƙofar ta rufe a hankali, ta kama hannuna ta ce, "Mama, kin kyauta da kika faɗa." Aka kai ni wani ɗaki aka yi hoton ƙashi na fuska. Da likita ya ɗora shi a allo, ga shi nan, ɗan fari tas kamar ƙwayar riɗi, a manne da gefen idon. Shekara hamsin ina taɓa shi, ranar na fara ganinsa.

Likitan ya ce da na shiga, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Suka yi mini wani hoton, wanda suke kira siti, shi babu mayen ƙarfe a cikinsa. Ba ƙari ba ne, alhamdu lillahi. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka tsuke, abin da nake ji gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki. Aka ba ni magunguna, aka hana ni gishiri. Ƙarfen kuma likitan ido ya ce a bar shi inda yake, tunda bai taɓa ƙwayar idon ba, sai dai duk asibitin da na je in faɗa tun kafin a tambaye ni.

Hansai ta mayar da ni a mota. Da muka iso gida ta dafa mini fate, ta ajiye a gabana, ta zauna a ƙasa. Na gaya mata duk abin da na gaya muku.

"Abba ya sani?"

"Bai sani ba."

"Kin so Abba kuwa, Umma?"

"Na so shi, Hansai. Wannan daban ne. Wannan haƙƙi ne."

Ta tattara kwanukan ta wanke, ta yi mini sallama. Kwana huɗu ba kira, ba saƙo. Nakan ɗauki wayar in ga tana kan layi, in rubuta "Auta", in goge. Ban taɓa jin girman gidan nan kamar a kwanakin ba.

A rana ta biyar na yi wanka na sa hijabi, na hau Keke mai ƙafa uku zuwa gidan Baffa Shitu. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka zauna a barandar nan. Ya haura tamanin, ƙafa ta ƙi, yana kishingiɗe a tabarma da carbi. Bayan mun gaisa na ce,

"Baffa, ka tuna mai waldar nan da ya zo wurin Baba a kan idona? Gaskiya ya faɗa. Ni na yi ƙarya. Na zo ne in wanke shi a gaban wanda ya ci kwalarsa."

Ya daina jan carbin.

"Ai mun sani, Baiwa."

"Kun sani?"

"Tun a ranar Yaya ya gane. Da jama'a suka watse ya kira ni ɗaki, ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba. Ya ce mutumin da zai zo ya tona kansa saboda idon 'yarsa, sannan ya ɗauki sunan maƙaryaci don ya rufa mata asiri, bai ga wanda ya fi shi cancanta ba. Washegari da hantsi ya sa ni gaba muka tafi Ogba, ni in ba shi haƙuri, shi kuma ya ce masa ya turo manyansa."

Na ce, "Sai me ya faru?"

"Mun tarar ya tafi tun asuba. Yaya ya aika Apapa wurin direbobi, ba wanda ya san motar da ya bi."

"Me ya sa Baba bai gaya mini ba? Shekara ashirin ya yi a raye bayan nan, Baffa!"

"Na ce masa ya gaya miki. Ya ce in kika san ya san kin yi masa ƙarya, ba za ki ƙara iya haɗa ido da shi ba. Ya ce ya rasa suruki, ba zai rasa 'ya ba."

Ban san yadda na iso gida ba, gidan Baba da na gada nake zaune a ciki. Na zauna a barandar nan, a daidai inda na durƙusa a ranar, na yi kukan da ban yi ba ko a rasuwar Baba. Mutum biyu suka rufa mini asiri, kowanne ya tafi da nasa, ni kuma ina nan ina gadin abin da tun farko ba a ɓoye yake ba.

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Saƙon Hansai ne.

"Umma, ki yafe mini shirun da na yi. Na je wurin shugaban 'yan Nijar na nan Agege. Ya ce akwai wani tsohon mai walda a Tasawa da ake kira Amadou Ɗan Legas, amma bai sani ba ko yana raye. Ya ba ni lambar ɗan'uwansa da ke can. In kira?"

Na rubuta "Kira", na goge. Na rubuta "Bari", na goge. In an ce ya rasu, na makara ke nan har abada. In kuma yana raye, da wace murya zan yi masa sallama?

Aka kira sallar magariba ina riƙe da wayar. Na ajiye ta na yi alwala, na yi salla, na roƙa wa Baba gafara, na roƙa wa Ƙasimu. A karo na farko na ambaci sunan Amadou a fili cikin addu'a, muryata ta yi mini baƙo a ɗakin. Da na shafa na ɗauki wayar na rubuta mata:

"Kada ki kira. Ki zo gobe da lambar. Ni na yi ƙaryar da bakina, ni zan kira."